Sunan da ke bayan koriyar riga

Iyaye mata, ku yi hattara da kunyar ɗan fari, kada ta wuce kima. Ni ga abin da ta ja min.

Ranar Juma'a babban ɗana ya dawo Birnin Kudu daga Kano sanye da rigar ƙwallon ƙasarmu. Ni da kullum nake cewa ƙwallo shiririta ce, sai da na tsaya kallonta. Koriya ce shar kamar shinkafar fadama, ga farin zane a ƙirji da hannuwa mai kama da gashin mikiya.

Da ya juya, sai na ga suna a baya da manyan fararen haruffa: GOGGO LADI. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta yaye shi ta riƙe shi a Dingaya.

Na ce, "Kai wannan, duk faɗin bayan rigar nan babu wurin wadda ta haife ka?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ke ko sunana ba ki taɓa faɗa ba. Goggo kuwa tun daga zaure take kwaɗa min kira."

Kunya aka koya mana, ba ƙiyayya ba. Amma wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba saboda kishin Ladi.

Washegari na daure na ce, "Sadiƙu, zo ka karya." Ya daɗe yana kallona.

Ku gaya min in na zaƙe, amma na kafa doka: duk rigar ƙwallon da za ta sake shigowa gidan nan, ko dai bayanta fili, ko a rubuta INNA.