Taron Da Ya Cinye Mana Iri

Hoto ne ya tayar mini da wannan magana. Jikata da ke koyar da tarihi a lakwal, makarantar boko, nan Matamai ta bar littafinta buɗe a kan tabarma, ni kuwa ina ɓarar gujiya, sai idona ya faɗa kan wani ƙaton Bature. Ya ware ƙafafu, ya dafe ƙugu, kafaɗu kamar ƙofar zaure, ga ɗan baki tsuke cikin gemu. Ni ban san baƙin boko ba, amma tsayuwar mutum ina karanta ta. Na ce mata wannan ba a ce masa a'a.

Ta yi dariya, ta ce sarkin Ingila ne, shekara ɗari biyar da suka wuce. Wai da ƙuruciyarsa kyakkyawa ne, ga waƙa, ga farauta, ga ilimi, burinsa ɗaya duniya ta ce babu kamarsa. Ƙasarsa ba ta ishe shi ba, ta Faransa yake hange. Babban malamin addininsu ya ƙi ba shi fatawar da yake so, sai ya naɗa kansa shugaban addini a ƙasarsa. Wanda ya yi masa bauta jiya, gobe ya sa a sare masa kai. Duk ina ji ina ɓarar gujiyata. Sai ta kai ga taron da ya yi da sarkin Faransa a wani fili: aka kakkafa rumfunan yadi mai zinariya, sati biyu da 'yan kai ana ci ana sha wai ana ƙulla zumunci, ƙarshe ya cafki ɗan'uwansa sarki ya ce sai sun yi kokowa, na Faransan kuwa ya maka shi da ƙasa. Na ce ɗauko biro ki rubuta, ai a gidan wannan mutumin na girma.

Kakana na wajen uba shi ne maigarin ƙauyenmu, can wajen Dungu. Tsoho muke ce masa. Kada ku ɗauka mugu ne. In ya dawo kasuwa sai ya ɗora ni a cinya, ya ce "amaryata, me aka dafa mini?", ya zaro rake daga aljihu. Amma in maroƙi ya ambaci wani maigari kafin shi, ranar ko kaza ba ta da kwanciyar hankali a gidan. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maigarin ƙauyen yamma da mu, wanda ke da fadamar rake. Tsoho ya ce fadamar ta kakanninsa ce. Ba wanda ya taɓa jin haka sai daga bakinsa.

Wata bazara, ina kamar shekara bakwai, zafi ya kai ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ya ce zai yi sulhu. Zai kira maigarin yamma da jama'arsa fili, kwana uku, su ga yadda ake karɓar baƙi. A bazara fa! Lokacin da kowace mace ke auna hatsi da tafin hannu. Aka yanka shanu biyu. Ƙarar turame ba ta tsaya ba, hannun Inna duk ya yi kanta. Har yau in na ji ƙamshin fura da citta cikin zafin rana sai ranakun nan su dawo mini.

Rumbuna uku ne a gidan, biyu na ci, ƙarami ɗaya na iri, zangarniyar da aka zaɓa ɗaya-ɗaya da kaka don shukar bana. A wancan zamani matar aure ba ta leƙa rumbun maigida. Ita ke dakawa, ita ke rabawa, amma ba ta da ikon ganin abin da ya rage. Yarinya irina kuwa ba laifi, mu ake zurawa ciki. Rana ta biyu da azahar, maza duk suna fili, Kaka matar Tsoho ta ɗaga ni ta zura ni a na cin na biyu, don na farko ya riga ya ƙare.

"Me kike takawa?"

Na ce, "Ƙasa, Kaka."

Ta ciro ni, ta cusa ni a ƙaramin. Ta ce, "Miƙo, miƙo, ke, ban da surutu." Ƙaiƙayi ya cika mini wuya ina miƙo mata zangarniya tana turawa a zane. A ɗakinta ita da Inna suka murje su da hannu, don kada a ji turmi, suka gauraya da toka, suka cika tulu biyu, suka liƙe bakin da laka.

Ta san mijinta. Da asuba ya ce a buɗe rumbun iri. Baba, ɗansa na fari, ya durƙusa ya ce, "Baba, hadari ya fara haɗuwa." Tsoho ya ce, "So kake a ce furata ta ƙare a gaban wancan?" Aka kwashe kaf.

Da la'asar, ganga ta yi daɗi, samari sun gama kokowarsu lafiya, sai ga Tsoho ya tuɓe babbar riga. Mutum mai jikoki! Maigarin yamma, siriri kamar sanda, ya yi ta ba shi haƙuri. Ina! Kafin makaɗi ya sauya kiɗa Tsoho na kwance, ƙafafu sama. Ya tashi ya ce ramin gyare ne ya kama shi. Sulhun kuwa ko watan bai kai ƙarshe ba aka koma gaba, fadama tana hannun mai ita.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kowa ya fita da sungumi, gidanmu shiru. Tsoho na zaure yana jan carbi. Kaka ta fasa lakar tulunan ta ba Baba irin, ba ta bi ta zaure ba. Rabin gandu aka shuka, rabi ya zama na ciyawa. Da tsiro ya fito Tsoho ya tsaya bakin gona ya ce, "Kun gani? Ni Allah ba ya kunyata ni." Kaka na tsaye nan. Ta gyara kallabi kawai.

Damanar nan tafasa da rama muka ci har cikinmu ya saba. Awakin Inna suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da kaka Baba ya tsallaka Kano cin rani, sai bayan shekara uku muka sake ganinsa, ƙanena bai gane shi ba, ya ruga bayan Inna yana kuka.

Yanzu mata na da rumbunansu, iri ma ana sayar da shi cikin leda a kasuwa. Na ɗauka an waye. Bara na je suna ƙauyen, jikan yayana, magidanci da gemunsa, ya kafa mini waya a baki, wai in ba da tarihin babban taron kakanmu mai shanu bakwai, don suna so su farfaɗo da shi, kowane gida ya kawo dami. Shanu biyu sun haihu sun zama bakwai. Na fara ba shi labarin tulun Kaka. Ya kashe wayar, ya ce, "Hajiya, wannan ai zancen cikin gida ne, ki faɗi na tarihin."

Na tambaye shi a wane wata za su yi. Ya ce bazara, lokacin ne mutane ba su da aiki. Na kira matarsa gefe na tambaye ta ko tana da tulu.