Na kai matata Dutse, aka nuna mana ɓeraye

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Dutse daga Jahun, ni da matata. Cikinta ya tsufa, amma ta kafe sai ta yi azumin watan nan, kullum kuwa da la'asar jiri ke ɗibanta. Hajiyarmu ta ce da cikinmu duka ta yi azumi. Malamin unguwa ya ce addini ya yi rangwame. Na rasa ta wa zan ɗauka, sai na tuna 'yar kawuna da ke bincike kan masu ciki a jami'ar Dutse.

Motar a cunkushe take. Har muka wuce Kiyawa buhun gero na bisa ƙafata, direba kuma na zagin kowane rami kamar ya san mai shi.

Da muka isa, na zaci ɗakin awo 'yar kawun nawa za ta kai mu. Sai ga mu gaban kejuna cike da fararen ɓeraye, ashe su ne masu cikin! Ta ce idan aka hana uwar abinci, sukarin jininta kan faɗi da wuri, jikinta ya koma ƙona kitse, 'ya'yan cikin kuma ba sa daina jan rabonsu. In yunwar ta daɗe, su ma sai su tsumbure.

Na ce, "To, ta sha azumin ke nan?"

Ta ce, "Yaya, matarka ba ɓera ba ce. Su ba sahur, ba buɗa-baki. Ku je awo."

Kaina ya ƙara kullewa.

A hanyar dawowa, muna isa Kiyawa, tun rana ba ta faɗi ba, matata ta ce in sayo mata ruwa da dabino. Ta ci, ta sha, ta dafe cikinta. Can sai na ga hawaye.

Na ce, "Ɓerayen ne suka tsorata ki?"

Ta ce, "Wane ɓera, Malam? Tun jiya ɗan cikin bai motsa ba, na ji tsoron faɗa. Yanzu ya harbe ni."

Ba mu shiga gida ba sai da muka biya asibiti aka duba ta. Har yau ban gama gane bayanin ɓerayen nan ba. Abin da na gane shi ne, na tambayi uwa, na tambayi malami, na je har Dutse, amma ban taɓa tambayar mai cikin me take ji ba.