Ranar da Dogo Ya Ja da Danjar Gumel

Malam Ishaƙ, wanda a tashar Sule Tankarkar ba a san shi da wani suna ba sai Dogo, ya shekara talatin da huɗu yana tuƙin haya. Mutumin Ɗanzomo ne, can iyalinsa suke da gonarsa ta gero, amma rabin rayuwarsa a kan kwalta ya yi ta. Kullum yana Gumel, ranar Alhamis kuma ya zarce kasuwar Maigatari da fasinja tara a motar mutum biyar, wani lokaci har da tunkiya a but ɗin motar.

Bai gina gidan bulo ba, bai je Makka ba. Abu ɗaya ya tara a duniya, kuma duk wanda ya zauna a kujerar gaba sai ya ji labarinsa: tun da ya manyanta, babu mararrabar da ya isa ya jira wani. Da an hango farar motarsa mai ɗaurin waya a bamba, 'yan acaba su raɓe, direbobi su taka birki, masu amalanke su janye shanu gefe. Shi kuma ya saki sitiyari, ya dunƙule hannun dama ya jinjina musu, ya wuce.

"Tarbiyya ke nan," yakan ce. "A ƙasar nan yaro ba ya shan gaban babba."

Bara aka kafa danja a wata babbar mararraba cikin Gumel, mai aiki da hasken rana. Dogo ya dube ta sau ɗaya, ya ce ado ce mai kyau.

Wata Alhamis da hantsi ya iso wurin, jar fitila a kunne. Daga hannun dama ga Zayyad, magidanci mai shekara talatin da shida, wanda a hannun Dogo ya koyi mota. Shi ke da koriya. Yana ganin farar mota ya taka birki har tayoyinsa suka yi ƙara. Dogo ya jinjina masa, ya ratsa. Bai yi nisa ba wani jami'in hanya mai suna Nasrullahi ya tare shi, ya miƙo takardar tara.

Dogo ya ƙi karɓa. "Ɗan nan, kai ɗan wane gida ne?"

"Baba, danja ka karya."

"Mai hanya ya bar mini hanya. Kai da danja ina ruwanku?"

Nasrullahi ya ce zaɓi biyu ne: ya biya, ko ya je gaban kotun tafi-da-gidanka ranar Talata ya faɗi hujjarsa. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, har wani dillalin awaki da ke kujerar baya ya ce zai biya don kada kasuwa ta ci babu shi. Dogo ya hana. A gida ma matarsa Baraka ta ce, "Malam, ka ba su abinsu mu huta." Ya ce in ya biya ya yarda ke nan girman da ake ba shi laifi ne, kuma ba zai sa hannu a kan wannan ba.

Shaida ɗaya yake buƙata, ya tafi wurinsa da kansa. Zayyad ya ce ranar Talata yana da lodi zuwa Haɗejiya. Dogo ya ce a ba wani. Zayyad ya ce maiɗakinsa ba ta jin daɗi. Dogo ya ce Allah ya sawwaƙe, ai kotun ba kwana ake yi ba. Da ya dawo tasha ya yi ta yabon yaron, wai kunya ce, ba ya son a tallata alherinsa a bainar jama'a.

Kotun rumfa ce a gefen titi, da tebur ɗaya da benci huɗu. Mai shari'a, Halimatussa'adiya, ba ta girmi 'yar Dogo ta fari ba. Dogo ya iso cikin babbar rigarsa ta Juma'a, rabin tashar Sule Tankarkar na biye da shi, domin shi ya gayyace su.

Ya kuma yi magana mai tsari, wannan kam sai a yaba masa. Ya ce koriyar fitila hakki ce ta wanda ta haska wa. Mai hakki kuwa yana iya kyauta da hakkinsa, kamar yadda yaro ke tashi ya bar wa dattijo tabarma. Zayyad ya yi kyauta, shi ya karɓa. Ina laifin wanda ya karɓi kyauta? Benci ya ɗauki "Haka ne, haka ne." Mai shari'a ma ta rubuta wani abu.

Sai ta kira shaida, ta ce a ba shi Alƙur'ani ya rantse. Dogo bai yi lissafin wannan ba, Zayyad kuwa da shi ya kwana. Ya ɗauki buta ya koma bayan rumfa, ya yi alwalar da har aka aika a dubo shi.

"Ranar Alhamis kana da koriya?" in ji mai shari'a.

"Ina da ita, ranki ya daɗe."

"Amma ka tsaya. Don me?"

"Ranki ya daɗe, Baba Dogo ubana ne. Shi ya ɗora hannuna a sitiyari."

"Na ji. Don me ka tsaya?"

Zayyad ya dubi littafin da ke hannunsa, ya dubi ƙasa. "'Ya'yana huɗu, ranki ya daɗe."

"Ban gane ba."

"Birkin motar Baba sai an taka sau uku yake kamawa. Shi kuma sau ɗaya yake takawa, in ya ga dama. A tasharmu duk wanda ya fara tuƙi, kafin a nuna masa giyar mota ana gaya masa, in ka ga farar mota mai waya, tsaya, ko kai ke da hanya."

Mai shari'a ta dubi benci ta tambaya ko akwai mai ja da wannan magana. Mutum ashirin da wani abu, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Daga can baya wani ɗan acaba da bai iya riƙe baki ba ya ce, "Hajiya, har jakunan hanyar Maigatari sun san ta." Aka yi dariyar da aka so a danne ta ƙi dannuwa.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Tara ta tabbata, mota kuma za ta zauna a hannun jami'ai sai bakanike ya gyara birki an gwada a gabansu. Dogo ya biya. Waɗanda ya gayyato suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa.

Zayyad ne ya rage. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini. Littafi ne a hannuna." Ya roƙe shi ya bari ya kai shi gida, Dogo ya shiga gaba ya tattare babbar riga a cinya. Sai da suka fita gari, gonaki suka fara, sannan ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Duk shekarun nan, ko mutum ɗaya babu mai tsayawa don girmana?"

"Haba Baba, akwai mana."

"Wa?"

Zayyad ya ce bari ya tuna. Har suka shiga Ɗanzomo yana tunawa.