Loma Uku a Rumfar Kifi

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kowa a kasuwar kifi ta Haɗeja ya san haka. Ina da rumfa inda muke zaɓen bandar kifi muna zubawa a kwalaye, motoci su kwasa zuwa kudu. Mu shida ne, na bakwai ɗan yayata, wanda ta kawo mini daga Guri yana da shekara ashirin da bakwai, bayan an sallame shi a wurin aiki uku. Ta ce in nan ma bai zauna ba, to ita ta rasa inda za ta kai shi.

Ba ya kallon idon mutum, ba ya hira, idan mota ta danna oda sai ya toshe kunnuwa. Amma aiki dai sai shi. Ya ɗaga tarwaɗa ya sunsuna, ya ce wannan ba ta bushe ba, ka karya ka ga ɗanyenta a ciki. Tun da ya zo ba a ƙara dawo mana da kwali ba.

Abincin rana ne ya haɗa mu rigima. Bayan Azahar tire ɗaya muke kewayewa, shinkafa da wake da mai da yaji. Matar wani dattijo cikin ma'aikatana, mutumin Kirikasamma, ita ke dafawa tun kafin in gaji rumfar. Shi kuwa ɗan yayata sai ya ɗauki gurasarsa ya shige bayan kwalaye, ya juya mana baya.

Wata biyu dattijon yana haɗiye abin. Ran nan ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ɗanka zato yake iyalina za ta zuba masa wani abu? Shekara ashirin ana cin abincinta, ba wanda ya taɓa ƙyamarta. Ko ya sa hannu a tiren nan, ko ni in tattara nawa."

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai raina ya ɓaci. Na kira shi gaban kowa, na ce yau sai ya ci, in ba haka ba ya koma Guri. Ya zauna. Ya daɗe yana kallon yadda hannaye ke cakuɗa mai da wake, sannan ya kai loma. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Sai ya tashi da gudu ya yi amai a bayan rumfa. Dattijon ya wanke hannunsa ya koma bakin aikinsa.

Kwana tara bai zo aiki ba, ni kuma kwana taran nan ban zauna wuri ɗaya ba. In zauna a benci, in miƙe, in leƙa bakin titi, in dawo in yi wa ma'aikata faɗan da bai da dalili. Na kira yayata, ta ce ya koma wurinta a Guri, yana ɗaki ya ƙi cin komai sai ruwa. Ta ce, "Kai da aka yaye shi a gabanka, ka manta ko miya ba ya bari ta taɓa masa tuwo?" Wallahi na manta, kuma na ji kunya.

Na je na ɗauko shi zuwa asibiti, a zatona gyambon ciki ne. Hayaniyar layi ta sa ya fara jijjiga jiki yana toshe kunne. Wata ma'aikaciyar jinya ta lura, ta kai mu wani ɗaki mai shiru. Kafin ta taɓa shi sai ta faɗa masa inda za ta taɓa, ta jira ya ɗaga kai. Bayan likita ya duba ya ce cikinsa lafiya lau, ta tare ni a baranda. Ta ce akwai mutane da yawa irinsa, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsu. Abin da ni nake ji ɗan ƙyanƙyami, shi azaba ce, kuma tilas ba ta gyara shi. Ta ce wurin aikin za a gyara masa.

Daga nan gidan dattijon na zarce, na yi masa bayani da bakina mai kaushi. Matarsa ce ta amsa daga bayan labule, ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Sai in tsame masa farar shinkafa a kwano mai murfi kafin in haɗa."

Ranar Asabar ya dawo. Ya yi aikinsa shiru har aka yi Azahar aka ajiye tire. Ina ƙoƙarin miƙa masa kwanon, sai na ga ya riga ya wanke hannu ya tsuguna a bakin tiren. Ya ce, "Kawu, loma nawa zan yi in zauna a aiki?"

Na ce ko ɗaya. Sai da na faɗa sau uku kafin ya tashi. Yau shekara biyu ke nan, yana cin shinkafarsa a bayan kwalaye, amma kullum aka ajiye tire sai ya zo ya tsaya kusa da ni, ya jira in ce masa ko ɗaya.