Mintsinin Keziah

Tun kuruciyarta Keziah Thurtle, ungozomar wani ƙauyen Norfolk a Ingila, ke riƙe jarirai a bakin tsohon turmin dutsen da ake baftisma a cocinsu. A wurinsu, in jariri bai yi kuka a lokacin baftisma ba, to shaiɗan bai fita jikinsa ba. Shi ya sa ake buɗe wa shaiɗan ƙofar arewa ta cocin don ya fita, ita kuma takan mintsini yaro a ɓoye.

Ranar baftismar jikarta, ta mintsine ta har farce ya nutse. Jaririyar ko gezau, sai kallonta take.

"Inna, ƙara mana!" in ji uwar.

Kafin Keziah ta ƙara, ƙofar arewa ta rufe kanta a hankali, babu ko iska.