Bakin Yaya Jusoh

Gidanmu bai taɓa sanin shiru ba sai lokacin da Yaya Jusoh ya yi ciwon haƙori. Kwana biyu kumatunsa a kumbure, maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambayar Inna ko lafiya. Ni ce Lijah, autar gidan. Shekara shida ya ba ni, kuma ni na fi kowa shan surutunsa, don ni ake bari da shi in kowa ya tsere. Wannan bakin nasa ne mutanen ƙauyenmu suka ce ya nutsar da jirgi da mutum tara. Shekara biyu cur suna faɗin haka, har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

A nan bakin kogin Terengganu, inda ya haɗu da teku, namiji in ya tasa ruwa zai shiga, ruwa kuwa yana da dokarsa. Da zarar ƙafarka ta bar yashi, ba ka kiran sunan dabbar tudu. Ba kyanwa, ba biri, ba maciji. In ta kama dole, sai ka kewaya. Wanda ya kira, ko kifi ya watse, ko taru ya yage, ko abin da ya fi haka. Liman yana cewa camfi ne, amma ban taɓa jin an ce shi ya kira ba in ya hau jirgi.

Jiragen kamun kifi uku suka kori Yaya kafin ya cika sha shida. Na ƙarshe na Kawu Deraman ne, ƙanen Inna. Tun hantsi bai yi ba muka ga jirgin ya dawo wayam, Kawu ya taso ƙeyar Yaya har gindin tsanin gidanmu, don gidajenmu a kan dogayen ginshiƙai suke.

"Yaya Semek, ga ɗanki nan. Ɗaure shi a gindin kwakwa ya yi wa kaji hira."

Inna ta ce, "Me ya yi kuma?"

"Muna tsakiyar ruwa, an jefa taru, kowa ya yi tsit, sai ya ce mini wai albishirina, kyanwarku ta haihu!"

Yaya ya ce, "To ai ta haihun, Kawu. 'Ya'ya huɗu. Ƙarya na yi?"

Inna ta wawuri ludayi, ya haye bishiyar kwakwa, daga can sama ya ci gaba da bayanin launin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Tok Embong ne ya cece shi. Shi ne mai sauraron kifi na ƙauyenmu, tsohon da ke dafa gefen jirgi da hannu ɗaya ya nutsa kansa, ya ji inda kifi ya taru kafin a jefa taru. Kunnensa ya fara nauyi, yana neman magaji. Ya ce da Inna, "Ba ni shi. Na san wuri ɗaya a duniya da bakin nan ba zai buɗe ba."

Haka kuwa aka yi. Ashe duk shekarun nan akwai kunne a jikin Yaya, baki ne ya danne shi. Cikin wata uku ya iya rabe kifi da kifi da ƙararsu kawai. Yakan ɗago ya ce, "Suna gabas, suna ƙara kamar Inna na suya," a jefa taru ya fito shaƙe. Sai dai duk shirun da ya yi a ƙarƙashin ruwa, da ya fito yake ramawa.

Saboda haka Inna ta zaunar da shi wata safiya, ta kama hannunsa ta ɗora a kanta.

"Yi surutunka, ban hana ka ba, ba kuma zan iya ba. Amma ka yi mini alkawari, muddin kana kan ruwa ba za ka ƙara kiran sunan dabba ba."

"Na yi, Inna. Ko da kifi?"

"Jusoh!"

"Na yi, na yi."

Ya riƙe alkawarin, amma ta hanyarsa. Sai ya raɗa wa kowace dabba sabon suna. Maciji ya zama igiya mai rai. Ɓera ya zama mai duba buhu. Biri ya zama Kawu na saman kwakwa, abin da ya sa Kawu Deraman ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Kyanwa kuwa, wadda ta jawo masa kora, ya ce ta cancanci girma, ya sa mata Hajiya mai gashin baki. Inna ta ce zai ja mana faɗa da hajiyoyin gari, amma tana faɗa tana rufe baki da gyale.

Sai yaƙi ya zo. Sojojin Japan suka shigo, shinkafa ta ɓace, muka koma rogo safe da rana da yamma, har na tsani ganinsa. Manyan jiragen filafilai waɗanda a da suke ɗauko gishiri daga ƙasar Siam suka koma ɗauko shinkafa, jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa kuma suna farautarsu a hanya. Wani mai jirgi ya zo da kansa neman Yaya, ya ce wanda ke jin numfashin kifi ba zai kasa jin ƙarfe ba. Lokacin Yaya yana da shekara ashirin da ɗaya. Sau uku ya je ya dawo, kowane zuwa da ƙullin shinkafa a cikin zanensa da labarin da zai ishe mu mako. Ranar tafiya ta huɗu ya ja mini kunne a bakin yashi ya ce, "Auta, ki cinye rogon duka, kada in dawo in tarar da saura." Ba mu ƙara ganinsa ba.

Mutum huɗu 'yan ƙauyenmu ne a jirgin, babu wanda ya dawo. Ba a yi wata biyu ba magana ta fara yawo. Ai an san hali. Ai bakin nan ba ya riƙe komai. Wata rana a bakin rijiya, Mek Nab, wadda mijinta ke cikin jirgin, ta ce da wata, yadda zan ji, "Da an bar mai kyanwa a gida, da yanzu 'ya'yana na da uba." Na juye mata guga a ka. Na san tana cikin baƙin ciki, kuma na nemi gafararta daga baya, amma ba zan ce na yi nadamar gugan ba.

An yi wa sauran ukun sallar gawar da ba a gani ba. Liman ya zo har sau uku kan ta Yaya, Inna ta ƙi.

"Malam, ba za a jera sahu a kan ɗana ana zaginsa a zuci ba. Ya yi mini alkawari. In ya karya, zan sani."

"Ta yaya za ki sani, Semek?"

"Ban sani ba. Ina jira."

Shekara guda bayan yaƙi, da rana tsaka muna shanya kifi, wani baƙo ramamme ya tsaya a ƙofarmu yana tambayar gidan su mai sauraro. Ya ce sunansa Wan Seman, mutumin garin Patani ne, shi ne kukun da jirgin ya ɗauka a Siam kwana ɗaya kafin abin ya faru. Igiyar ruwa ta kai shi wata gaɓa mai nisa, sojoji suka kama shi suka sa shi aikin hanya, sai yanzu ya sami ƙafar zuwa. Kafin ya gama shan ruwa, rabin ƙauye ya taru a ƙarƙashin gidanmu, har da Mek Nab.

Ya ce wajen azahar Yaya ya nutsa kamar yadda ya saba, ya ɗago ya ce akwai wani mai tari a ƙarƙashinsu, kuma ba kifi ba ne, a juya a nufi gaɓa. Aka juya, amma iska ta mutu. Abin ya taso saman ruwa, ashe jirgin yaƙi ne, ya buɗe wuta. Bai san ko na wace ƙasa ne ba, ni ma har yau ban sani ba.

"Ni ban iya iyo ba, Inna. Ɗanki ne ya ɗaure ni a jikin murfin ramin kaya ya tura ni ruwa. Ya koma ɗauko tsohon da ke tuƙi, jirgin ya tafi da su."

Kawu Deraman ya yi gyaran murya ya yi tambayar da kowa ke so ya yi. "Kafin nan, bai kira wani abu ba? Ka gane ai."

"Ko ɗaya. Jirgi na ci da wuta ma bai kira ba. Kafin ya koma sai da ya jefo mini dabbar jirgin a ƙirji, ta yakushe ni, ga tabon nan."

Inna ta matso. "Me ya ce da ya jefo ta?"

Baƙon ya sosa ƙeya kamar mai jin kunya. "Ya ce, riƙe mini Hajiya mai gashin baki, ita ma ba ta iya iyo ba, sai ku yi hira."

Dariya ta ƙwace wa Inna, irin wadda rabona da ji tun kafin yaƙi. Ta yi har ta dafa bango, daga nan ta zama kuka, ni ma na taya ta. Mek Nab ce ta fara hawowa tsani ta riƙe ta. Da Inna ta share fuska sai ta ce da Kawu, "Je ka kira liman."

Bayan la'asar aka yi sallar, sahu har bakin yashi. Da aka watse, Inna ta tattare zanenta ta shiga teku har gwiwa, masunta na gyaran taru suna kallonta. Ta ɗaga murya yadda take kiransa cin abinci.

"Jusoh! Kyanwa! Biri! Maciji! Ɓera! Faɗi abinka, ɗana, na sake ka."

Babu masuncin da ya toshe kunne. Kawu Deraman ya ajiye tarunsa, ya shiga ruwan ya tsaya kusa da ita, ya ce, "Kin manta kare."