Nu'uman Ya Rubuta Biyu

Nu'uman ɗan yayana ne, kuma ni na koya masa riƙe fensir a aji ɗaya, don haka in na ce na san shi ba cika baki nake yi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare a nan Daura, ban taɓa ganin yaro mai taurin kai irin nasa ba. Ba shi da surutu, ba ya faɗa da kowa. Amma in ya ce abu kaza ne, ko bulala za ta ƙare a jikinsa, kaza ɗin ne.

A gidanmu na gado da ke bayan Kusugu aka haife shi. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, sai wansa Mansur ya ajiye karatu ya shiga fataucin dabbobi tsakanin Mashi da Nijar, ya ɗauki nauyin ƙanen. Da Nu'uman ya shiga jami'a ya ce yana bukatar kwamfuta, Mansur bai ma tambayi abin da ake yi da ita ba. Ya sayar da bijimin da ya yi wata takwas yana turkawa, ya kawo masa kuɗin a leda. Allah bai nufa Mansur ya ga amfaninta ba. Shekarar da Nu'uman ya gama karatu babur ya kife da Mansur a hanyar Mashi, ya bar 'ya guda, Hadiyya, ko shekara biyu ba ta cika ba.

Da aka yaye ta, uwarta Rabi za ta yi aure a Sandamu, sai aka yi abin da aka saba. Dangi suka zauna a tsakar gida, Rabi ta ce ta ba ƙanen mijinta riƙon yarinyar, aka yi addu'a, aka shafa, aka tashi. Ba wanda ya yi zancen takarda. Ni na riƙa goya masa ita har ya auri Fadila. Tun da ta fara magana Baba take ce masa. Ni na kai ta makaranta, da hannuna na rubuta Hadiyya Mansur a rajista, domin riƙo ba ya sauya wa ɗa ubansa, wannan kowa ya sani.

Sana'ar Nu'uman rubuta manhajar kwamfuta ce. Yana zaune a ɗakinsa yake yi wa wani kamfani na Legas aiki, bai taɓa taka ofishinsu ba. Mutanen unguwa sun daɗe suna yi masa kallon ɗan damfara, wai wane irin aiki ne mutum yana kan tabarma albashi yana shigowa. Wuta kuwa sai ta ga dama. Na sha ganinsa a kan soro da tsakar rana, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, mutanen kamfanin suna can suna jiransa a taro. Ya gaji, kuma ban ga laifinsa ba.

Bara kamfanonin ƙasashen waje suka fara nemansa. Ya samo babban kwali, ya ja layi da rula kamar yadda na koya masa, ya rubuta ƙasashe huɗu a sama, ya manna a bango. Kullum in na shiga sai ya yi mini darasi. Dubai ba a cire haraji a albashi, ga masallaci ko'ina, amma ya ce ranar da aiki ya ƙare ranar za ka fara ɗaure kaya, ya soke ta tun da wuri. Kanada ya ce mutum zai iya zama ɗan ƙasa, sai dai layi ya yi tsawo, ga sanyin da Fadila ta ce ita ko labarinsa ba ta son ji. Jamus haraji da nauyi, dole kuma a koyi yarensu, amma asibiti da makaranta ba abin damuwa ba ne. Holan da Turanci za a yi aiki, samun gidan haya ne tashin hankali. Har farashin shinkafa da nisan mahaucin halal ya rubuta. Abu ɗaya bai ja wa layi ba, domin bai taɓa zaton abin tambaya ba ne. Duk sun ce ma'aikaci zai zo da matarsa da 'ya'yansa.

Wani kamfani a Jamus ya ɗauke shi, wani a Holan ma ya ce yana so. Suka aiko da fom. A gurbin yawan 'ya'ya ya rubuta biyu: Hadiyya, da Anwar wanda Fadila ke goyo. Bayan kwana uku matar da ke kula da takardun ma'aikata a kamfanin Jamus ta dawo masa da fom ɗin, ta mayar da biyun ɗaya. Cikin ladabi ta yi, har da fatan alheri. Ta ce takardar haihuwar yarinyar sunan wani ke kai, kuma mahaifiyarta tana raye.

Wallahi ranar raina ya ɓaci. Mace tana can ba ta taɓa ganin yarinyar ba, ba ta san wa ya kwana uku a asibiti yana riƙe da hannunta da ta yi ƙyanda ba, ta danna abu ɗaya ta cire ta daga gidan. Na ce ya rubuta mata ya ce mu nan ba ma jiran alƙali kafin mu riƙe maraya. Ya ce, "Gwaggo, ba ita ta kafa dokar ba." Na ce to ita ta danna.

Bai zauna ba. Ya je kotu ya karɓo takardar riƙo, Rabi ta taso daga Sandamu da goyonta ta dangwala yatsa, ta ce ko bangon duniya ne a tafi da ita. Aka fassara, aka buga hatimi, aka aika. Lauyan kamfanin Jamus ya ce takardar ba ta mayar da ita 'yarsa ba, za a iya gwadawa amma ba ya ba da tabbaci. Na Holan ya ce ya fara zuwa tukuna, a nemi nata daga baya, wataƙila shekara, wataƙila biyu, wataƙila a ƙi. Nu'uman ya ja sabon layi a ƙasan kwalin, ya rubuta Hadiyya. Gurbi huɗu, babu inda ya iya rubuta e.

Sai masu shawara suka yi caa. Kawunsa Maliki, wanda bai taɓa saya wa yarinyar ko takalmin roba ba, ya zo ya yi zaman dirshan a zaure, ya ce ai tana da uwa, a mayar da ita Sandamu, arziki ba ya jiran mutum. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya, gidan da sau biyu take zuwa a shekara. Wani dillalin biza a Kano kuma ya ce abin bai kai haka ba, a kawo hoto da kuɗi kaɗan, cikin mako guda za a fito da sabuwar takardar haihuwa da sunan Nu'uman, wa zai zo Daura ya bincika?

A nan ne ni ma na yi abin kunya, kuma ba zan ɓoye ba. Saura kwana biyar wa'adin da kamfanin Jamus ya ba shi ya cika, na same shi a tsakar gida na buɗe masa wuta. Na ce su suka fara ƙarya da suka ce ba 'yarsa ba ce, don haka a ba su takardar da suke so. Na ce da sunansa yarinyar take ɗauke da shi da yanzu suna jirgi. Ya ce mutumin da ya sayar da bijiminsa ya saya masa kwamfuta, ba zai ɗauki kwamfutar ya goge sunansa da ita ba. Na kira shi mai kan dutse, na fita. Ban lura Hadiyya tana bayan randa tana wanke kwanuka ba.

Washegari bayan la'asar ya ce ta kawo aikin gida ya duba, kamar kullum. Ina zaune ina gyaran zogale. Ta miƙa masa littafin lissafi. A bangon littafin ta kankare Mansur da reza har takardar ta huje, ta rubuta Nu'uman a ƙasa da biro. Ya buɗe jakar, duk littattafan bakwai haka ta yi musu.

Ya tambaye ta wa ya sa ta. Ta ce ba kowa.

"Baba, na gyara. Yanzu sai ka gaya musu mu tafi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai dube ni ba. Ya zaunar da ita a gefensa, ya ɗauko tsohuwar kwamfutar nan da ta daɗe da mutuwa amma ya ƙi yarwa, ya ɗora mata a cinya, ya ba ta labarin bijimin tun daga ranar da aka sayo shi a kasuwa. Da ya gama ya aika aka sayo takardar bango, suka rufe littattafan ɗaya bayan ɗaya, ita da hannunta ta rubuta Hadiyya Mansur sau bakwai.

Wa'adin Jamus ya wuce, na Holan ya bi shi. Maliki ya daina gaishe shi na wata biyu. Nu'uman yana nan yana hawa soro neman sabis, ni kuma har gobe in na tuna matar nan da fatan alherinta sai in ji abinci ya fita raina.

Makon jiya wani kamfani daga ƙasar Ayalan ya aiko masa da fom. Na ce ya fara tambayarsu zancen yarinyar kafin ya wahalar da kansa, ya ce a'a, su fara gani tukuna. Hadiyya ta dawo daga Islamiyya ta tsaya a bayansa, ba ta ko cire hijabi ba, tana kallon yadda yake cikewa. Da ya iso gurbin nan ta sunkuyo ta ce, "Baba, nawa za ka sa?"

Ya ja hannunta ya ɗora yatsarta a kan lambar, ya ce ta danna da kanta. Ta danna biyu.